Takin da Na Zuba wa Mai Jirgi

A Kunduru, da, in mutum zai tafi Makka, gonarsa yakan damƙa wa amini, ya noma ya ci har ya dawo, don tafiyar ta shekaru ce. Wani kawuna da ya je a ƙasa, da furfura ya komo, ƙafa duk faso.

To, zamanin Turawa, tsarana da muke awon gyaɗa tare a kasuwar Kankiya ya ce zai hau jirgin sama daga Kano zuwa Jidda. Ya bar mani gonarsa. Na yi murna a ɓoye. Na kwashe takin gidana kaf, na yi ta jigila da jaki ina zubawa, tawa gonar kuwa na bar ta da yunwa. A ganina, ko jirgi ne ai sai ya shekara biyu.

Gero bai gama fitar da kai ba sai ga mutumin nan ya sauko daga mota, fes da shi, har ya yi ƙiba.

Na ce, "Wai nisan nawa ne?"

Ya ce, "Malam, tuwon da na ci a Kano bai gama narkewa ba muka sha mai a Hartum. Kashegari sai Jidda."

Na dubi dugadugansa, sumul kamar na jariri. Haka na mayar masa da gonarsa.

Da kaka ya cika rumbu da geron takina. Har gida ya aiko mani da dabino, ni kuwa dole in ce, "Na gode, Alhaji."