Faifan Baba a Gonar Shinkafa

Ni dai tun ina yarinya ba na yarda da abu mai yawan ƙyalli, ba na kuma yarda da mai kayan da ya cika rantsuwa. Ranar da yayana ya kai ni wani shago a unguwar Nasarawa da ke Birnin Kebbi, sai na tarar da su biyun wuri ɗaya.

Kaset ɗin bidiyon Baba ne ya kai mu. Shi kaɗai ne hotonsa mai motsi da muke da shi. Wani ne ya ɗauke shi a Gulma, yana tsaye a gonar shinkafarsa yana jan igiyar gwangwanaye, yana yi wa tsuntsaye ihu. Bayan rasuwarsa danshin damina ya fara cin kaset ɗin. Yaya kuwa ya sayi kwamfuta, ya girke ta a falonsa na unguwar Gesse, an lulluɓe ta da mayafi kamar amarya. Shi ya ce a juye kaset ɗin a faifai mu riƙa kallo a kwamfutar.

Mai shagon ya ɗaga wani faifai yana juya shi a haske. Ya ce, "Wanga sabon samhuri na, Hajiya. Hoto tas, kamar ki taɓa mutum. Wallahi jikokin jikokinki sai sun kalle shi."

Na ce, "Kai ka ga jikokin nawa?"

Ya yi dariya. Da na matsa masa, ashe sabon faifan iri biyu ne, kamfanoni suna ja-in-ja a kai, na'urar wannan ba ta karanta na wancan. Na ce to in nasa aka kayar fa? Ya sake rantsewa. Yaya ya harare ni, wai ƙauyanci ke damuna.

Aka juye, muka koma Gesse muka kunna. Baba yana nan dishi-dishi, yadda yake a kaset, ko ƙwayar idonsa ba a gani. Yaya ya ce idona ne. Na ce na ji, a ba ni kaset ɗin in adana. Sai ya fara sosa ƙeya, wai ya bar shi a shago. Washegari na je, mai shagon ya ce Yaya ya tafi da shi. Kowannensu ya rantse. Har yau zargina shi ne an ɗora bikin wasu a kansa, kuma ban wanke ko ɗayansu ba.

Ba a jima ba labari ya zo cewa irin faifanmu ne aka daina yi. Sannan wuta ta dawo da ƙarfi wata rana, ta ƙone kwamfutar. Na yi yawo da faifan nan Birnin Kebbi da Argungu, kowa ya saka a na'urarsa sai ta tofo shi. Mai shagon ma ya koma sayar da waya, rantsuwarsa kuwa ba abin da ya ragu. Na yi kuka, don muryar Baba ta fara ɓace mini. Yaya, da kunya ta ishe shi, ya kai wa Inna faifan can Gulma ta ajiye a adaka.

Da shinkafa ta fitar da kai na je Gulma. A lokacin manoma sun gano cewa tsuntsaye na tsoron walƙiyar tsofaffin fayafayai, kowace gona an rataye su a igiya. Ina tafiya a gonarmu sai na ga wani yana lilo, da rubutun Yaya a jikinsa: "Baba." Rana ta riga ta fara cin bayansa. Raina ya ɓaci, na kama igiyar ina kwancewa, ina faɗin sai na ga ɓarawon da ya buɗe adakar Inna.

Daga bayana Inna ta ce, "Ni ce ɓarawon."

Na ce, "Haba Inna! In an samu na'urar wata rana fa?"

Ta ce, "Ke da ba ki yarda da kowa, yau ke aka yi ma alkawalin wata rana? Shekara nawa ubanki shina koran tsuntsaye gonag ga? Cikin adaka ba shi ganin kowa, kowa ba shi ganinai. Bas shi ya yi aikinai."

Na mayar da ƙullin yadda na same shi, na ƙara masa ɗaya don kada iska ta tafi da shi.