Maraƙin da Na Bari Ya Ci Gyauro

Ina da shekara tara maraƙin gidanmu ya mutu a hannuna. Ƙauyenmu na arewa da Maraɗi. Baba ya ce in tsare shi, ni kuwa na tafi langa da yara, ya shiga gona ya ci gyauron dawa. Kafin la'asar cikinsa ya kumbura, ya kwanta bai tashi ba.

Saniya ɗaya gare mu. Ƙanwata Hadiza an yaye ta da wuri saboda Inna ba lafiya, nonon saniyar nan shi ne abincinta. Saniya kuwa in ba ta ga ɗanta ba, ba ta sakin nono. Kwana biyu Inna tana tsugunawa da ƙwarya tana tashi da ita wayam, Hadiza tana kuka har muryarta ta dushe.

Baba bai doke ni ba. Ya feɗe maraƙin, ya cusa harawa cikin fatar, ya ɗinke, ya sa masa ƙafafun itace, ya shafe bayansa da kanwa. Ya miƙo mini ya ce, "Kai ka kashe, kai za ka riƙe." Kowace safiya nakan ɗauko shi daga zaure, yana wari, in tsayar da shi gaban uwar. Ranar farko ta shinshina ta kau da kai. Rana ta biyu ta fara lasa, harshenta yana goge mini yatsu, sai na ji nono yana sauka cikin ƙwarya. Wata uku ina wannan aiki. Yara suka sa mini suna Uban Gawa. Hadiza ta rayu, 'ya'yanta biyar yanzu.

Makon jiya, a nan ƙasar Turawa inda nake zaune yanzu, 'yata Zainab ta dawo daga makaranta da homwok, wato aikin gida. Malamarsu ta ce su gano inda Turawa suka samo kalmar calf. Na ce, "Ban yi boko ba, tambayi Mamanki." Ta ce, "To Baba, da Hausa fa?" Na ce maraƙi. Ta gwada faɗar kalmar sau biyu, ta yi dariya, ta koma kan kwamfuta.

A gonar shanun da nake aiki a Pleasant Garden, kusa da garin Greensboro, ranar haihuwa ake raba ɗa da uwa, inji ya tatsa, nono ya zo. Ni ke ba maruƙan madara a bokiti. Bana 2006, shekarata bakwai a Greensboro, kuma nan nake.