Kan waƙar da na yanke

A shekarun da fari ya hana mu gero, da rikoda mai baki biyu na ciyar da iyalina. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma na iya danna maɓalli biyu lokaci guda: kaset mai waƙa a dama, wanda babu komai a hagu. Ranar kasuwar Tsanyawa in shimfiɗa buhu kusa da tasha, direbobin bas su yi ta saya.

Wadda ta fi tafiya waƙar noma ce ta wani makaɗin gayya na ƙauyenmu. Ni na ɗauke ta da hannuna a gonar mai unguwa, a daminar kirki ta ƙarshe, na rataye rikoda a reshen gawo. Al'adar makaɗanmu ce ba sa taɓa ganga sai sun yi kan waƙa: mutum ya faɗi sunansa, da na ubansa, da na wanda ya koya masa kiɗa, da garin da aka binne cibiyarsa. Nasa dogo ne. Direbobi kuwa ba su da haƙuri. "Malam, surutu muka saya ko kiɗa?" Sai na riƙa fara kwafi daga bugun ganga na farko.

Wannan shi ne dalilin da na riƙa faɗa. Akwai wanda ban faɗa ba. In babu sunansa, babu mai zuwa nemansa, wurina za a dawo.

Wata ranar kasuwa makaɗin ya kawo akuyarsa ta ƙarshe sayarwa, don ba mai kiran makaɗi gonar da ba ta tsiro ba. Ya ji muryarsa a lasifikata. Ya zo ya tsuguna, ya saurara har ƙarshe.

"Ka sayar, ɗana, ban hana ka ba," in ji shi. "Yunwa ba ta san kunya ba. Amma ina kanta?"

"Baba, kaset ɗin ne gajere."

"Ta wajen sunana kaɗai ya gajarce?" Ya yi 'yar dariya. "Ni a bar ni. Maigidana da ya koya mini fa? A bakina kaɗai ya rage."

Na rantse masa zan mayar. Ban mayar ba. Damina biyu bayan nan muka kai shi makwancinsa, ina cikin masu ɗaukar makara.

Zamanin kaset ya mutu, waƙar ba ta mutu ba. Ta koma faifai, ta koma waya, kullum daga bugun ganga take farawa, inda yatsana ya ajiye ta. Kwanakin baya muna majalisa a ƙofar masallaci aka ce a rediyo mawaƙan ƙasashen waje sun kai wasu kamfanoni ƙara, wai an ɗura wa na'ura waƙoƙinsu ba da izini ba. Jama'a suka yi ta dariya, wai har na'ura ta koyi sata. Ni na duƙa ina gyara takalmi.

Ba a daɗe ba 'yar makaɗin ta yi sallama a gidana. Malamar Islamiyya ce a Dawakin Tofa. Ta ce wasu masu shirya fim a birni sun ɗauki waƙar sun yi mata sabon kiɗa, sun rubuta sunan mawaƙinsu. Da ta kai ƙara, suka ce tsohuwar waƙar gargajiya ce, ba ta da mai ita.

"Baba, an ce kai ka ɗauka. Uwar kaset ɗin tana nan?"

Tana nan, a ƙasan adaka, naɗe cikin tsohon rawani. Ban taɓa iya jefar da ita ba, ban kuma taɓa iya saurarenta ba. Amma lauyanta ya ce kaset kaɗai ba zai isa ba. Sai wanda ya ɗauka ya tsaya gaban alƙali ya faɗi yadda aka yi sunan ya ɓace.

Ƙanena ya tare ni a zaure. "Yaya, kai da kake kiran salla? Da furfurarka za ka je birni ka ce kai ɓarawo ne? Ka ba ta kaset ɗin ka ce tsinta ka yi."

Na ce masa ƙarya ɗaya na yi wa uban, ba zan ƙara ta biyu a kan 'yar ba.

Ni da ita muka shiga bas muka tafi kotu. Lauyan masu fim matashi ne mai fara'a, amma bakinsa reza.

"Dattijo, wato kai ne ɓarawon farko?"

"Ni ne."

"To, mu yarda da maganar ɓarawo?"

"Kada ku yarda da ni. Ku saurare shi."

Da kyar aka samo rikoda mai aiki. Kaset ya yi ta shuu, aka ji kukan tsuntsu da ƙarar fartanya. Sai muryar ta fito, ya faɗi sunansa, da na ubansa, da na maigidansa, da ƙauyenmu. 'Yarsa ta rufe fuska da mayafi.

An ɗaga shari'ar, kuma an ce mai yiwuwa a sake nemana. Zan je, ko sau nawa ne. A gida wasu sun rage gaishe ni, wani ma ya ce a sake ladan. Ban yi musu da kowa ba.

Da izinin 'yarsa, lauya ya sa an juye mini cikakkiyar waƙar a waya. Kowace ranar kasuwa nakan bi rumfunan masu tura waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya, in roƙe su su goge guntuwar su sa wannan. Ɗayansu ya ce, "Baba, surutun farkon nan ya yi yawa."

Na ja benci na zauna. Na ce ba zan tashi ba sai ya saurara.