Mai Kurangar Maciji

A kasuwar garin Hile nake hango ta, 'yar tsohuwa mai zoben zinariya a hanci, ta naɗe wuyanta da koren nagbeli, wani tsiro mai yaɗo, kamar macizai na barci a kafaɗunta. Ƙafafunta duk jar laka. Ina jin tun asuba take rarrafe a gindin itatuwa tana tsinko shi.

Wani mai murɗaɗɗen gashin baki, wanda zai aurar da 'yarsa gobe, yana neman abin ƙawata ƙofar biki. Yana zungurar kayanta da takalmi, yana kiran ta Ama, wato uwa.

"Ama, da wannan ciyawar zan tari ango?"

"Ciyawa? Kurangar maciji sunanta, ɗana! A ƙarƙashinta aka ɗaura auren uwarka, da garinta aka shafe maka kurajen cinya kana jinjiri. Matso nan."

Sai ga ta tana karkaɗe rawayan gari daga kurangar a tafinta, tana hura shi kan murhun wani mai shayi. Fuu! Wuta ta yi tsalle sama da kanmu. Kasuwa ta kaure da ihu, ni ma har da tafi!

Mutumin yana lalubar rabin gashin bakin da wutar ta bar masa, ita kuwa tana auna masa kamu goma.

"Gobe ka gaya wa surukanka ciyawa ce ta yi maka aski."