Ranar da na yi cinikin alade

Shekarun baya, ina tuƙa motar ofishinmu a Kafanchan, lokacin ritayar masinjanmu ya zo. Mutumin Fadan Kagoma ne, Kirista, abokina na ƙut da ƙut. Kowa na taya shi murna, shi kuwa sai ramewa yake. Wata rana a mota ya ce min, "Alhaji, in na koma gida me zan yi? Yayana da ya yi ritaya, zama ne ya kashe shi."

Aka kira taron zaɓen kyauta. Masu biro suka ce agogon bango. Ni da ko firamare ban ƙarasa ba na ɗaga hannu, na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya daina zuwa aiki, lattin me zai duba?" Oga ya ce to in kawo tawa. Na ce duk sanda muka wuce kasuwar aladu, wuyan mutumin nan har juyawa yake. A saya masa 'yan aladu, mace da namiji, ya samu abin da zai tashe shi da safe.

"Madalla," in ji oga. "Tunda motar na hannunka, kai za ka sayo."

Kun ji yadda bakina ya ja min.

Ranar kasuwa na je da hulata da carbina, na coge can nesa ina ciniki da ihu. Mai aladun ta ce, "Baba Alhaji, matso ka taɓa mana, ka ji ƙiba!" Na ce, "Mama, Allah ya ba ni ido, daga nan ma ina gani." Ana cikin loda su, sai ga ladanin unguwarmu a kan mashin. Ya dube ni, ya dubi bayan mota, ya ce, "Alhaji, an canza sana'a ne?" Kafin in kai gida labari ya riga ni. Motar kuwa na wanke ta har fenti ya kusa tashi.

Ranar biki, da aka gama jawabai aka kawo su, abokina ya ce, "Yesu! Wa ya sayo?" Aka nuna ni. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya yana hawaye. "Alhaji, kai? Kai ka shiga wurin?" Na ce, "Ban shiga ba, a bakin ƙofa na tsaya."

Tun ranar na gane cewa in za ka yi wa mutum kyauta, ka fara sanin abin da ke hana shi barci.

Bara na kai masa ziyara. Ya yi ƙiba, garke ya cika. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙe, ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, wata tana haihuwa." Ya bar ni a benci da kofin kunu har la'asar. Ban taɓa jin daɗin wulaƙanci irin na ranar ba.