Rahoton Malam Sada Walfiya

Duk wanda ya san Malam Sada Walfiya ya san kekensa. Lokacin da kuɗin mai suka ɓarke, gwamnati ta aiko wa ofishin jin daɗin jama'a na Jibiya mota sabuwa dal. Malam ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Wagga wuce mutane za ta riƙa yi." Haka ta zauna kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Wajensa jami'a ta turo ni koyon aiki na wata uku, da sharaɗin in bai rubuta mini rahoto mai kyau ba, sai na maimaita shekara. Na iso da takardun tambayoyi cike da jaka, ina jin kaina.

Ranar farko muka je Daddara wajen wata tsohuwa da jikokinta suka rage a hannunta. Ko zama ban yi ba na zaro biro.

"Iya, wace ƙasa ce taku?"

"Jigawa ce, ɗana. Gero kaɗai take yi."

Malam ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Rubuta mana, ɗan jami'a. Gidanta na nan, gonarta na ƙetaren iyaka, hanyar Maraɗi, mi kake so ta ce maka?" Ya ƙwace jakar ya ɗaure a bayan keke. Wata biyu ban sake ganin jakar ba. Wallahi na tsane shi a lokacin. Kullum sai gaisuwa, sai zama, sai sauraren labarin awaki.

Sai ga malamina daga jami'a ya zo duba ni. Ya tambayi takardu nawa na cike. Ko ɗaya babu.

Malam Sada ya ce, "Ku can kun koya mashi tambaya. Mu nan muna koya mashi yin shiru. In an haɗa, a samu ma'aikaci."

"To ina rahoton?"

Malam Sada ya yagi takarda, ya rubuta layi ɗaya: "Yanzu ya iya zama bisa tabarma."

Malamina ya juya takardar ko akwai saura a baya. Babu. Ya bi mu ƙauye da ƙafa, ya ga tsohuwar nan ta ja ni gefe tana faɗa mini ciwon jikanta da ta ɓoye wa kowa. Da layin nan ɗaya na ci jarrabawa.

Ban taɓa yi wa Malam Sada godiya ba, kunya ta hana ni, kuma abin yana damuna har yau. Allah Ya ji ƙan Malam Sada, Ya saurare shi yadda ya saurari bayinSa.