Dattijon da ya gaji da mutuwa a fim

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Alƙahira, wani maƙwabcina Bamisire ya ce ana neman mutanen da za su cika wani gidan shayi a Wustul Balad, tsakiyar birnin, za a ɗauki fim. Na je don nishaɗi kawai.

Aka zaunar da ni teburi ɗaya da jarumin fim ɗin, wani dattijo Ba'amurke mai furfura. Na ce masa na san fuskarsa a talabijin, amma ban san sunansa ba. Ya tuntsire da dariya.

Ya ce, "Ba laifinka ba ne, yarona. Tun ina saurayi, ko in fito direba, ko ɗan sandan da ake harbewa tun farkon fim. Har mahaifiyata ta rasu ba ta ga na kai ƙarshe da rai ba. Sai yanzu aka ba ni jarumi."

Darakta ya ce yalla, wato a fara. Dattijon ya ɗaga kofin shayi, ya soma ba ni labarin ɗansa da ya ɓata, kamar yadda aka rubuta masa, muryarsa na rawa. Na manta da kyamara, hawaye suka zubo mini. Ana cewa khalas, wato an gama, ma'aikata da masu leƙe daga titi suka kaure da tafi.

Fim ɗin ne ya ciyo masa lambar yabo ta farko a rayuwarsa. A falonmu na unguwar Hay el-Sabi' muka kalli bikin ba da lambar a talabijin ni da abokan zamana, muna ihu har mai gidan ya hauro yana tambaya ko ƙwallo aka ci.